Tambaya da Amsa: Yadda Ake Zancen Motsa Jiki da Ingilishi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun karkata ga kalmomin Ingilishi da ake amfani da su wajen zancen motsa jiki da wasanni, kuma ina kyautata zaton hunturu ne ya jawo haka, domin shi ne lokacin da mutanen Yamai da na Tawa suka fi fita gudu da sassafe, shi ne kuma lokacin kokowa. Zan riƙa cewa Ingilishi a duk amsoshina, saboda a nan Nijar idan mutum ya ce Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi.

Daga wani ɗalibi, Harobanda, Yamai:

Malam, barka da aiki. Kowace safiya nakan yi gudu daga Harobanda, in haye gadar Kennedy, in dawo. Kwanan baya na ce wa wani abokina ɗan Ghana “I make footing every morning”, sai ya tsaya yana kallona, daga bisani ya fashe da dariya. Ni kuwa tun ina kwaleji na ɗauka “footing” kalmar Ingilishi ce. Ina kuskurena yake?

Ɗana, kurakurai biyu ne a cikin jimlarka, kuma babu wanda ka ƙirƙira da kanka a cikinsu, domin dukansu gado ne da ka ci daga Faransanci. Kalmar “footing” tana nan a Ingilishi, amma ma'anarta ita ce kafuwar ƙafa a ƙasa. Idan santsi ya kwashe mutum a bakin kogi, sai a ce “he lost his footing”. Magina kuma suna kiran harsashin gini da ita. Faransawa ne suka are ta suka ɗora mata ma'anar gudun motsa jiki, mu kuma muka karɓa daga wurinsu da zaton cewa daga Ingila ta taho a haka. Abin da abokinka ya saba ji shi ne “I go jogging every morning”, ko kuwa “I go for a run every morning”.

Irin waɗannan kalmomi masu kama da Ingilishi amma ɗauke da ma'anar Faransanci suna da yawa a fagen wasanni, kuma su ne suka fi kayar da ɗan Nijar, saboda mutum ba ya shakkar kalmar da yake ganin ya riga ya sani. Kayan gudun nan, riga da wando, da muke kira “jogging” a kasuwa, sunansu “tracksuit”. Takalman da muke cewa “baskets” ana kiransu “trainers” a Ingila, a Amurka kuma “sneakers”. Wanda ya shiga kanti a Landan ya nemi “baskets”, kwanduna za a nuna masa. Kalmar “musculation”, wato ɗaga ƙarfe domin ƙarfafa tsoka, ba a amfani da ita a Ingilishin yau da kullum, sai dai a ce “weight training” ko “strength training”. Haka nan “course”, wadda take nufin tsere da Faransanci, a Ingilishi ta fi nufin darasin da ake bi na wani lokaci, ko hanyar da aka shata wa masu tsere. Shi kansa tseren “race” ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya shafi ginin jimla. Faransanci yana da “faire”, wadda ke ɗaukar kusan kowane aiki, Hausa ma tana da “yi”: mun yi gudu, mun yi ƙwallo, mun yi iyo, mun yi kokowa. Harsunan nan biyu da muka fi sabawa da su sun haɗu sun koya mana cewa aikatau ɗaya ya isa, alhali Ingilishi ya raba aikin gida uku, kuma “make” ba ta cikinsu ko kaɗan. Hasali ma “make sport of” tsohuwar magana ce da ke nufin yi wa mutum ba'a.

Aikatau na farko shi ne “play”, wanda ake haɗawa da wasannin da ake kara wa juna a kan ƙa'ida, musamman masu ƙwallo: “play football”, “play basketball”, “play handball”, “play tennis”. Ko dara da ake yi a gindin bishiya, “play” za a ce. Na biyu shi ne “go”, wanda ke tafiya da ayyukan da sunansu ya ƙare da “ing” kuma ake fita domin yin su: “go running”, “go swimming”, “go cycling”. Na uku shi ne “do”, wanda ya kwashe mafi yawan abin da ya rage, wato wasannin faɗa na ƙasashen Asiya da motsa jikin da ba karawa ba ne: “do taekwondo”, “do judo”, “do gymnastics”, “do exercises”. Wannan rabo ba ya rasa togaciya. Dambe da kokowa, duk da cewa sunayensu “boxing” da “wrestling” sun ƙare da “ing”, an fi mayar da su aikatau kai tsaye, a ce “he boxes” ko “he wrestles”. Shawarata ita ce kada ka haddace sunan wasa shi kaɗai a littafinka. Ka rubuta shi tare da aikatau ɗinsa, ka haddace su a haɗe kamar kalma guda.

Akwai kuma abin da na daɗe ina gaya wa ɗalibaina, wato Hausa ta fi kusa da Ingilishi a wannan fage fiye da yadda muke zato, kuma wanda ya bi ta Faransanci kafin ya isa Ingilishi ya yi zagaye. Muna da sassarfa, ita ce “jog”. Muna da gudu, shi ne “run”. Muna da gudun da mutum ke sakin ƙarfinsa duka a gajeren zango, kamar na mita 100, shi ne “sprint”. A ɓangaren tafiya, “walk” ita ce uwa, “stroll” tafiyar shan iska ce ba tare da gaggawa ba, “brisk walk” tafiya ce da sauri har jiki ya ɗau zafi, “hike” kuma doguwar tafiyar ƙasa ce a daji ko kan tsauni. Wajen tsalle kuwa Ingilishi ya fi mu rarrabewa: “jump” tsalle ne da ƙafa biyu, “hop” da ƙafa ɗaya irin na mai langa, “leap” dogon tsalle ne na ƙetare rami, “skip” kuma shi ne na igiya, ko wanda yara ke yi suna tafiya. Saboda haka idan za ka sake haɗuwa da abokinka, ka fara tambayar kanka da Hausa ko sassarfa kake yi a kan gadar nan ko gudu, sai amsar Ingilishi ta biyo baya.

Daga wani matashi, Tawa:

Malam, ina ɗaukar hotunan kokowa masu motsi da salulata ina sawa a Facebook, kuma akwai baƙi da ke yi mini tambayoyi da Ingilishi. Yaya zan fassara musu kokowa da dambe da langa? Sannan yaya ake cewa wane ya ci wane? Na taɓa rubuta “he won him”, wani ya ce ba daidai ba ne.

Samari, wanda ya gyara maka ya yi gaskiya. Kalmar “ci” tamu tana da faɗi ƙwarai: an ci wasa, an ci kofi, an ci ƙwallo, an ci abokan karawa. Ingilishi ya ware wa kowanne kalmarsa. “Win” tana bin abin da aka samu ko gasar da aka lashe, shi ya sa ake cewa “win a match”, “win a medal”, “win the championship”. Da za ka ba baƙonka labarin Abdoul Razak Issoufou Alfaga, sai ka ce “he won a silver medal in taekwondo in Rio in 2016”, haka kuma Issaka Daboré “won a bronze medal in boxing in Munich in 1972”, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu. Amma mutumin da aka fi ƙarfinsa, “beat” ake yi masa, ko “defeat” a rubutu mai nauyi. Saboda haka jimlarka ita ce “he beat him”. Zura ƙwallo a raga kuwa “score” ne. Ka kuma kiyaye da “gagner” ta Faransanci, wadda ke nufin cin wasa da samun albashi duka biyu. Kuɗin da aka yi aiki aka samu “earn” ake cewa a Ingilishi, kyautar gasa ce kaɗai ake “win”.

Game da sunayen, ra'ayina shi ne kada ka fassara su. Ka ce kokowa, sannan ka bayyana ta da “traditional wrestling”. Ka ce dambe, ka ƙara da “traditional Hausa boxing”. Ka ce langa, ka bayyana cewa “a hopping game” ce inda kowa ke riƙe ƙafarsa ɗaya da hannu yana ƙoƙarin ture abokin karawa. Japanawa ba su fassara judo da sumo ba, Koriyawa ba su fassara taekwondo ba, duniya ce ta koyi faɗin su. Kalmar “traditional” kuwa kada ka yar da ita, domin idan ka ce wa Ba'amurke “wrestling” kawai, mai yiwuwa hankalinsa ya tafi ga wasan nan na talabijin da ake shirya sakamakonsa tun kafin a hau dandali.

Sauran kalmomin da za ka buƙata ba su da yawa. Ɗan kokowa “wrestler” ne, fagen “arena”, karawa ɗaya tsakanin mutum biyu “bout”, abokin karawa “opponent”, alƙalin wasa “referee”. Kaye shi ne “throw” idan an ɗaga mutum an maka shi da ƙasa, kamu kuma “hold” ko “grip”. Akwai kalmar “pin”, wadda ke nufin danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa, amma ta kokowar Olamfik ce. A tamu da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, kuma yana da kyau ka bayyana wa baƙinka wannan bambanci tun farko. Takobin da zakaran ƙasa ke karɓa, wanda Faransanci ke kira “sabre”, Ingilishi ma yana da wannan kalmar, Amurkawa na rubuta ta “saber”, sai dai “sword” ta fi saurin fahimtuwa. Tunda kai ɗan Tawa ne, ka gaya musu cewa a garinku aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma yau jihohi 8 ne ke turo ƴan kokowa 10 kowacce, ana zagayawa da gasar daga babban birnin jiha zuwa wani. Kirari dai ka bar shi da Hausa, ka ce musu “praise chant” ne, domin na sha gwada fassara shi ban taɓa ganin ya fito da ransa ba.

Daga wani mai sauraren labarin wasanni, Yantala, Yamai:

Malam, me ya sa wasu ke cewa “football”, wasu kuma “soccer”?

Malam, wasa ɗaya ne, tamaular da muka sani. A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila mai suna Football Association, wadda ta rubuta dokokin wasan, sai aka riƙa kiransa “association football” domin a bambanta shi da rugbi, kuma daga kalmar “association” aka yanko “soccer”. Ke nan Ingila ce mahaifar kalmar, ko da yake yau Amurkawa ne suka fi riƙe ta, saboda suna da wani wasan nasu na daban da suke kira “football”. Da ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ko Bature ɗan Ingila, “football” za ka ce. Canjaras kuma “draw” ne a Ingila, “tie” a Amurka, sannan masu sharhin Ingila kan ce “nil” a maimakon sifili, kamar “two nil” idan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta ci biyu da nema.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Tawa:

Malam, ina yi maka fatan alheri. An ba mu wata takarda da Ingilishi kan masu hawan jini da ciwon suga, kuma na ga ana ambaton “physical activity” a wani wuri, “exercise” a wani wuri, har da “moderate” da “vigorous”. Shin duk abu ɗaya ne? Matan da nake gani suna ce mini ba su da lokacin motsa jiki, alhali wuni suke yi suna aiki.

Malama, tambayarki ta fi sauran amfani ga jama'a, domin kuskuren fassara a nan yana iya sa a ba mara lafiya shawarar da ba ta dace da rayuwarta ba. Kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake mu duka “motsa jiki” muke ce musu. A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, take amfani da ita, “physical activity” shi ne duk wani motsi da tsokar jiki ke yi wanda ke cin ƙarfi, ko a wurin aiki ne, ko a hanya, ko a gida, ko a wasa. “Exercise” kuwa reshe ne guda daga cikinsa, wato motsin da aka tsara, ake maimaitawa, da niyyar ƙara lafiya ko ƙarfi. Matar da ta yi daka, ta ja guga a rijiya, ta ɗauko itace a ka, ta taka zuwa kasuwa ta dawo, ta yi “physical activity” mai yawa ko da ba ta taɓa sa takalmin gudu ba. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda takardarki za ta kira “sedentary”, wato mai yawan zama wuri ɗaya: ma'aikacin da ke hawa babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, ko ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci, ko matashin da ke kashe dare a fada yana jiran shayi na uku.

“Moderate” da “vigorous” ma'aunin tsananin aikin ne, abin da Ingilishi ke kira “intensity”. Na farko matsakaici ne, na biyu mai tsanani. Ma'aikatan lafiya suna da hanya mai sauƙi ta rarrabe su wadda ba ta buƙatar na'ura: idan mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, aikinsa “moderate” ne, idan kuwa ba ya iya furta fiye da ƴan kalmomi sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shiga “vigorous”. Wannan ma'auni yana fassaruwa zuwa Hausa ba tare da an rasa komai ba, kuma ina ganin ya fi duk wani lissafi saurin shiga kan tsohuwar da ba ta yi lakwal ba.

Adadin da hukumar ta bayar a ƙa'idojinta na 2020 shi ne, babban mutum mai shekara 18 zuwa 64 ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, wanda takardar za ta kira “muscle-strengthening activity”. Yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma ana son su samu kimanin minti 60 a kullum. Ga waɗanda suka kai 65 an ƙara musu abin da ake kira “balance”, wato horar da jiki ya iya tsayuwa daram domin rage faɗuwa. Za ki kuma ci karo da “aerobic”, wanda ke nufin motsin da ke sa zuciya da huhu su yi aiki na tsawon lokaci, kamar tafiya da sauri, da tuƙa keke, da iyo.

Kalmomi biyu nake son ki yi hattara da su. “Fit” ba ta nufin siriri, tana nufin mai jikin da ke jure aiki, kuma ana samun mai jiki da ya fi ramamme juriya. “Diet” kuma tana da fuska biyu: “a healthy diet” shi ne abincin da mutum ya saba ci idan mai kyau ne, amma “go on a diet” shi ne rage ci domin sauke ƙiba, abin da Faransanci ke kira “régime”. Ita kuwa “regime” a Ingilishi ta fi zuwa a zancen gwamnati.

Daga wani mai ɗaga ƙarfe, kusa da filin wasa na Seyni Kountché, Yamai:

Malam, ina bin darussan motsa jiki a YouTube, amma ina jin suna cewa “reps” da “sets”, kuma nauyin da suke faɗi ba ya daidai da na ƙarafanmu.

Samari, “rep” gajarta ce ta “repetition”, wato yin motsi sau ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa, “set” kuma jerin maimaicin da ake yi kafin a huta. Idan mai koyarwa ya ce “three sets of twelve reps”, yana nufin ka yi sau 12, ka huta, ka sake, har zagaye 3. Abin da kuka sani da “pompes”, wato dafa ƙasa da hannuwa ana ɗaga jiki ana saukewa, shi ne “push-ups”, ƴan Ingila kan ce “press-ups”. “Sit-ups” na ciki ne, “squats” tsugunawa da miƙewa, “pull-ups” jan jiki sama a jikin ƙarfen da aka gitta, “plank” kuma tsayuwa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe kamar katako. Ƙaramin ƙarfen hannu ɗaya “dumbbell” ne, dogon mai faifai a gefe biyu “barbell”, na'urar da ake gudu a kanta ba a zuwa ko'ina “treadmill”. Shi kansa wurin da kuke cewa “salle”, sunansa “gym”, daga “gymnasium”, kalmar da ta samo asali daga Girkanci.

Ka lura da wani tsari da ke maimaita kansa a rubutu: aikatau kalma biyu ne a rabe, shi kuwa sunan aikin a haɗe ake rubuta shi. “I work out” na nufin ina motsa jiki, “a workout” shi ne zaman motsa jikin. Haka “warm up”, ɗumama jiki kafin a fara, da “a warm-up”. Haka “cool down”, sassautawa a hankali bayan an gama. Miƙe gaɓoɓi kuwa “stretch” ne.

Batun nauyi, yawancin masu darussan nan Amurkawa ne, kuma da “pound” suke awo, wanda suke gajartawa “lb”. Guda ɗaya ya ɗan gaza rabin kilo, wato giram 454, saboda haka “twenty pounds” kusan kilo 9 ne. Wanda ya ji 20 ya ɗauki kilo 20 ya ninka nauyin fiye da sau biyu, kuma kafaɗarsa ce za ta biya. Nisa ma da “mile” suke auna shi, wanda ya kai mita 1609, shi ya sa “five miles” kusan kilomita 8 ne. Ƙari a kan haka, inda Faransanci ke sa waƙafi a lissafi Ingilishi ɗigo yake sawa, waƙafin kuma ya ajiye shi domin raba dubbai. Tsawon gudun fanfalaki na maraton, kilomita 42 da mita 195, mu mun koyi rubuta shi 42,195, amma mai Ingilishi 42.195 zai rubuta, kuma idan ya ga namu zai karanta kilomita dubu 42 da ɗoriya.

Daga wani mai horar da yara ƙwallo, Tawa:

Malam, gaisuwa mai yawa. Zan raka yarana wata gasa a ƙasar da ake Ingilishi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda zan yi wa likita bayani idan yaro ya ji ciwo.

Malam, ka fara da cire kalmomi biyu na Faransanci daga bakinka, domin su ne za su fara zuwa maka a lokacin ruɗewa. “Blessé”, wato wanda ya ji rauni, ba “blessed” ba ce. Idan ka ce “the boy is blessed”, ka shaida wa likita cewa yaron mai albarka ne, zai ce amin ya wuce. Abin da za ka ce shi ne “he is injured” ko “he is hurt”. Ita kuma “injury” rauni take nufi, ba ta da alaƙa da “injure” ta Faransanci mai nufin zagi.

Bayan wannan sai sassan jiki, inda Hausa ke haɗa abin da Ingilishi ya raba. Ƙafa a wurinmu ta kama daga cinya har tafi, amma a can “leg” dabam, “foot” dabam, na biyun daga idon sawu ne zuwa ƙasa. Hannu ma haka: “arm” daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, “hand” tafi da yatsu. Cinya “thigh” ce, gwiwa “knee”, sha-raɓa “calf”, ƙwauri “shin”, idon sawu “ankle”, diddige “heel”, gwiwar hannu “elbow”, wuyan hannu “wrist”. Mafi rikitarwa ita ce jijiya, wadda muke kiran abubuwa huɗu da ita. Ta jini “vein” ce ko “artery”, mai kai saƙon ji “nerve”, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi “tendon”, irin agara, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa kuma “ligament”. Daga nan bambancin “sprain” da “strain” ya fito: na farko shi ne targaɗe, rauni a gaɓa, na biyu kuma jan tsoka ko ɗan yagewarta, wanda ƴan wasa ke faɗi da “he pulled a muscle”. Karaya “fracture” ce ko “broken bone”, gocewar ƙashi “dislocation”, ɗaurewar tsoka farat ɗaya “cramp”, kumburi “swelling”. Tsamin jikin da ke biyo bayan horo mai tsanani ba rauni ba ne, “sore” ake ce masa, kamar “my legs are sore”. Yaron da ke haki “out of breath” ne, mai jin jiri “dizzy”, wanda ya suma “he fainted”, wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda zafi da gumi kuma “dehydrated”, abin da mai horar da yara a Tawa cikin watan Afrilu ya fi kowa sani.

Sauran aikin na lafazi ne, kuma gara ka yi shi tun a gida da babbar murya. Harshenmu ba ya raba “p” da “f”, saboda haka “pull” kan fito kamar “full”, “pain” kuma kamar “feign”. Ka riƙa haɗa leɓɓanka biyu gam kafin ka saki iska. A “muscle” ba a furta “c”, a “knee” ba a furta “k”, a “calf” ba a furta “l”, a “wrist” ba a furta “w”. “Sweat”, gumi, gajeren wasali gare ta, idan ka ja shi ta koma “sweet”, mai zaƙi. “Work out” da “walk out” ma suna son kulawa, domin ta biyun na nufin ficewa daga taro cikin fushi. Wadda na fi son ka maimaita sau da yawa kafin tafiyarku ita ce “ankle”, tunda targaɗen idon sawu na daga cikin raunukan da ƴan ƙwallo suka fi samu, kuma na taɓa jin wani ɗalibina ya tsaya gaban aji yana ba da labarin wasan da suka yi, ya ce “I twisted my uncle”, wato ya murɗe kawunsa. Ka buɗe baki sosai a wasalin farko, sannan idan likitan bai gane ba, ka nuna masa wurin da yatsa.